Run: kalmar Turanci mai ma'ana 645, gudu ɗaya ne kawai daga ciki

Ɗan yayata ne ya ja min wannan dogon rubutun. Yana aji biyar na sakandare, an ba su aikin gida su fassara wasu jimloli daga Turanci zuwa Hausa, sai ya same ni ina shan shayi a ƙofar gida ya miƙo min littafi ya ce, "Kawu, duba min ko na yi daidai." Jimlar ita ce "My father runs a provision store." Abin da ya rubuta a ƙasanta kuwa: "Babana yana gudu da shagon kayan masarufi." Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, na ce kai ɗan nan, ina zai kai shagon? Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce ai tun firamare malam ya ce run gudu ne. Kuma fa yana da gaskiya, haka aka koya mana dukkanmu, come zo, go tafi, run gudu, muka haddace muka wuce, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce wannan 'yar kalmar mai harafi uku ita ce ta fi kowace kalma ta Turanci wahalar da masu rubuta ƙamus.

Ba zuzutawa nake ba. Akwai babban ƙamus ɗin Oxford, ba ɗan ƙaramin da ake saya wa 'yan makaranta ba, wancan mai mujalladi 20 da aka buga a 1989, wanda aikinsa shi ne bin diddigin kowace kalma tun daga ranar da aka fara ganinta a rubuce. A wannan bugun kalmar set ce ke riƙe da kambu, ma'ana 430 a matsayinta na aikatau kaɗai, bayaninta ya kai kalmomi wajen 60,000, wato kalma ɗaya ta cinye tsawon littafi guda, har kundin Guinness ya sa ta a ciki. Da aka fara fitar da sabuntaccen ƙamus ɗin a shekarar 2000 ba daga A suka faro ba, daga harafin M suka fara, sai make ta wuce set, a 2007 put ta wuce make, a 2011 kuma da aka iso kan run sai ta share su gaba ɗaya da ma'ana 645. Wani ma'aikacinsu mai suna Peter Gilliver ya kwashe sama da wata tara yana aiki a kan wannan kalmar ita kaɗai. Wata tara fa, cikin haihuwa guda. A yi wa set adalci dai, a lokacin ba a kai ga sake bitar ta ba, kuma lissafin nan ya haɗa har da ma'anonin da suka mutu tun zamanin kakannin kakanninsu da irin su run out da run over da duk sauran 'yan rakiya. Amma ko an cire waɗannan abin da ya rage ya ishi mutum ciwon kai.

To abin da nake so in ce shi ne, duk wanda ya ɗauki wannan lamba ta 645 ya ce zai zauna ya haddace, ya ɓata lokacinsa ne, kuma ko Baturen Ingila bai san su a lissafe ba. Kalmar tana da jijiya, in ka kama jijiyar sauran rassa ne.

Jijiyar tana cikin tarihinta. A tsohon Turanci, fiye da shekara dubu da suka wuce, kalmomi biyu ne 'yan uwan juna. Ɗaya rinnan ko irnan, wadda ake amfani da ita ga mutum mai gudu da kuma ruwa mai kwarara. Ɗayar kuma ærnan, ma'anarta ka sa wani abu ya yi gudu, kamar mahayi da dokinsa. A hankali, ga kuma tasirin yaren mutanen arewacin Turai da suka mamaye wani ɓangare na Ingila, sai biyun suka narke suka zama kalma ɗaya. Jamusanci har yau ya raba su, rinnen na ruwa ne, rennen na ƙafa. Wato tun asali abu uku ne a cunkushe a cikin run: gudun ƙafa, gudun ruwa, da kuma sa wani abu ya tafi. Yanzu ka dubi Hausa da kyau. Muna da gudu, muna da gudana, muna da gudanar da. Ruwa yana gudana, taro yana gudana, shugaba yana gudanar da mulki. Ashe abin da ya rikita ɗan yayata yana nan cikin bakinsa tun yana yaro, da ya ce "Babana yana gudanar da shago" da ya ci makinsa cif, duk da dai a maganar yau da kullum cewa za mu yi babana na da shagon furobishan, ko shi ke riƙe da shagon.

Bari mu fara da reshen ruwa don shi ne ya fi ban dariya. Bature in ya ce "the tap is running" famfo ne aka bari a buɗe yana zuba. "Running water" ruwan famfo ne, irin wanda ake cewa an kawo ko an ɗauke. "My nose is running" mura ce ta kama shi hanci na yoyo, ba hancin ne ya tsere ya bar fuska ba. In ka wanke atamfa launinta ya fita ya ɓata farar rigar da kuka jiƙa tare, mu cewa muke atamfar tana zuba, su kuma "the colour ran". Hawaye ma haka, kwalli in ya narke ya gangaro a kumatu ma haka. Sai kuma babbar magana, ciki. A Najeriya kowa ya san "running stomach", duk wanda ya taɓa neman izinin fashin aiki ya san ta, Turawan Ingila kuma a maganarsu ta gida "the runs" suke cewa. Mu me muke cewa? Gudawa. Kalmar likitoci ma, diarrhoea, daga Girkanci ta fito kuma ma'anarta kwarara ta ratsa ta wuce. Yare uku da ba su haɗa gari ba duk sun kalli abu ɗaya sun ga gudu a ciki, ni dai wannan yana burge ni duk da maganar ba ta cin abinci ba ce.

Daga ruwa sai inji, kuma a ganina nan ne kalmar ta yi ƙiba. Marubuci Simon Winchester, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan tarihin ƙamus ɗin Oxford, ya danganta bunƙasar run da zuwan injuna da masana'antu sannan kwamfuta, kuma in ka duba za ka ga da ƙamshin gaskiya. Set kalma ce ta ajiyewa da kafawa da daidaitawa, ta dace da duniyar da abubuwa ke zaune wuri ɗaya. Da aka zo zamanin da komai ke juyawa sai aka buƙaci kalmar da za ta ce abu yana aiki bai tsaya ba, run kuma tana nan a kusa. Inji yana run, agogo yana run, jirgin ƙasa yana run tsakanin Abuja da Kaduna wato yana jigila, janareto "runs on diesel" wanda mu za mu ce dizal yake sha. Direba in aka ce masa "leave the engine running" cewa aka yi ya bar motar a kunne, motar tana tsaye cak ba ta motsa ko taku ɗaya ba amma a Turance tana run. Yaran Amurka ma suna da wata tsohuwar tsokana da suke yi a waya, su kira gidan mutane su ce firjinku yana running? In an ce eh sai su ce to ku yi maza ku kamo shi, su kashe waya.

Da kwamfuta ta zo sai ta gaji kalmar kai tsaye. Duk mai amfani da Windows in ya danna maɓallin tambarin tare da R wani ɗan akwati zai fito sunansa Run, ka rubuta sunan manhaja ta tashi. Wayarka in ta ce wata manhaja "is running in the background" tana nufin ka fita daga cikinta amma ba ta mutu ba, tana can ƙarƙashin ƙasa tana shan caji da data, wanda shi ya sa wani lokaci za ka ajiye waya da caji 80 ka dawo ka tarar da 50 kana ta zargin batir.

Yanzu ga inda ɗan yayata ya faɗi. Da zarar an sa wani abu a gaban kalmar, wato run kaza, to an koma waccan tsohuwar ma'ana ta mahayi da doki, kai ne ke sa abin ya tafi. Run a shop, run a school, run a country, run a hospital, duk riƙewa ne da gudanarwa. Daga nan "running cost" ta fito, kuɗin gudanarwa, kalmar da 'yan Najeriya da yawa suka san ta sosai a 2018 lokacin da Sanata Shehu Sani ya fito ya faɗa cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata da wannan sunan. Amma fa kada ka ɗauka ko'ina gudanar da za ta yi maka aiki. Likita in ya ce "we will run some tests" gwaji za a yi maka, jarida in ta "run a story" buga labarin ta yi, yaro in ya "run errands" aike aka yi masa, direba in ya "run a red light" danja ce ta tsayar da shi ya ƙi tsayawa. Akwai ranar da na kai ƙaramar 'yata wani asibiti da daddare, nas ta sa mata abin awon zafi ta duba ta ce min "she is running temperature", wani dattijo da ke zaune kusa da ni a benci ya matso ya ce, "Malam, me ta ce? Wai gudu yarinyar ta yi?" Na ce a'a Baba, cewa ta yi jikinta da zafi. Ya girgiza kai ya ce to ita ba za ta faɗi hakan ba tun farko.

Siyasa kuma nan ne abin ya fi min daɗi. A Amurka ɗan takara "runs for office", gudu yake yi, don su tseren dawaki suke gani a zaɓe. A Birtaniya bisa al'ada "stand" suke cewa, tsayawa yake. Mu a Hausa tsayawa takara muke yi kamar na Ingila, Turancin Najeriya kuma ya fi son "contest", ko da yake yanzu jaridunmu sun kwaso na Amurka sosai. Kuma maganar dawakin nan ba misali ba ne kawai, daga filin sukuwa aka kwaso kalmomin. "Running mate", wato mataimakin ɗan takara kamar yadda Kashim Shettima ya zama wa Bola Tinubu a zaɓen 2023, asalinta doki ne na biyu da ake sakawa a tsere don ya ja wa ɗan uwansa gudu. "Front-runner" shi ne wanda ke kan gaba. "Also-ran" kuma cin fuska ce mai laushi, dokin da aka ce shi ma dai ya yi gudu, wato irin 'yan takarar nan da sai ranar zaɓe kake ganin tambarin jam'iyyarsu a ƙuri'a. "Run-off" zagaye na biyu ne, irin wanda aka yi a Nijar ranar 21 ga Fabrairu 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane.

Akwai kuma wani reshe da babu motsi a cikinsa ko kaɗan, shi ne ya fi rikita masu koyo. "The road runs from Kano to Zaria." Titi dai yana kwance inda yake, idonka ne ke binsa, mu sai mu ce titin ya miƙe daga Kano har Zariya. Kwantiragi "runs for three years", zai yi shekara uku yana aiki. "It runs in the family" abin gado ne, a jininsu yake, ko ciwon suga ne ko saurin fushi. "I am running late" na makara ne, kuma mai faɗar haka galibi yana zaune ne cikin go-sulo ba gudu yake ba. Masu kallon ƙwallo kuwa sun sha jin "unbeaten run", jerin wasanni ba tare da an doke ka ba, irin 49 ɗin da Arsenal ta yi a gasar Firimiya daga 2003 zuwa 2004 wanda har yau magoya bayanta ba su bar mu mun huta da shi ba. "Runner-up" wanda ya zo na biyu, wannan ma sun san shi.

Ɗaya da ya kamata a sani saboda labaran tattalin arziki ita ce "bank run". Ba banki ne ya gudu da kuɗin mutane ba kamar yadda za ka fara zato, mutane ne suka ji ƙishin-ƙishin bankin na tangal-tangal suka ruga gaba ɗaya kowa na son ya cire nasa, kuma tunda babu bankin da ke ajiye kuɗin kowa a lalita lokaci guda, ya ba da rance da mafi yawansu, to rugawar ita kanta ke kayar da shi ko da da farko yana da sauran numfashi. Ya faru da Northern Rock a Birtaniya a watan Satumba 2007, aka ga layi a ƙofar rassansa. A watan Maris 2023 ya faru da Silicon Valley Bank a Amurka, inda aka nemi cire dala biliyan 42 a rana ɗaya, kuma wannan karon mafi yawan mutanen ba su taka ƙafa sun je ko'ina ba, ta waya aka yi gudun.

Sai 'yan rakiyar nan, ƙananan kalmomin da ake liƙa mata a baya su juya ta gaba ɗaya. Run into wani, kun yi kiciɓis ne. Run over, mota ta take abu, ko taro ya zarce lokacinsa. Run down tana iya zama batir ya yi sanyi, ko gini ya lalace don rashin kula, ko kuma wani yana kushe wani a bayan idonsa. Run after bi ne, run away tserewa, run up a bill tara bashi. Wadda na fi so a lura da ita ita ce run out, don yadda take juya jimla. Mu cewa muke mai ya ƙare mana, man ne ya yi aikin mu kuma abin ya same mu. Bature yana iya faɗar haka, "the fuel ran out", amma ya fi yawan cewa "we ran out of fuel", ya sa kansa a gaba kamar shi ne ya fita daga cikin man. In ka manta da "of" ɗin nan ka ce "we ran out" kawai ba tare da an san a kan me ake magana ba, mai sauraro zai iya ɗauka gobara ce ta tashi kuka fito a guje.

Wani ɗan kuskure da nake yawan gani a Facebook, har wajen masu digiri: "I have ran". Kalmar run, ran, run take tafiya kamar come, came, come, don haka "I ran" ko "I have run". Shi ke nan a kan wannan.

Turancin titi na Najeriya ma ya ƙara mata nasa kason. "Runs" a bakin 'yan jami'a harka ce ta bayan fage, satar amsa ko buga-bugar da ba a son a yi bayaninta, kuma in aka liƙa wa mace kalmar to zagi ne, kada ka gwada. "Run am" kuma a aiwatar da abu ne, a yi shi kawai. Waɗannan in ka faɗa wa mutumin Landan zai tsaya yana kallonka.

Da na gama yi wa ɗan yayata duk wannan bayanin sai ya ce shi dai Turanci yaren wahala ne, kalma ɗaya ma'ana ɗari shida, su ba za su ƙirƙiro wasu kalmomin ba? Na ce to tsaya, fassara min kalmar ci. Ya ce eat. Na ce to ɗalibi ya ci jarabawa, cinye takardar ya yi? Gwamna ya ci zaɓe, ɗan wasa ya ci ƙwallo, wane ya ci amanar wane, an ci mutuncinsa, ya ci bashi, an ci shi tara, ya ci riba, ya ci sarauta, amarya ta ci ado, kasuwa tana ci, wuta tana ci, mun ci karo, mu ci gaba. Kafin in kai ga sha ya fara dariya da kansa, ya sha wahala, ya sha kaye, ya sha alwashi, ya sha da ƙyar, ya fita shan iska, ta sha kunu. Abin ya kai masana harshe sun zauna sun yi nazari a kan waɗannan biyun kaɗai, Philip Jaggar da Malami Buba sun wallafa wani bincike a 2009 a kan yadda ci da sha ke yaɗuwa a Hausa. Kuma ba wanda ya taɓa ba wa ɗan Bahaushe jerin ma'anonin ci ya haddace, da ya ji kalmar da ke biye da ita ya san inda aka dosa, amana ce ko tuwo. Haka Bature yake ji da run, kunnensa yana kan maƙwabciyarta, hanci ne ko kamfani ko zaɓe.

Sai dai kada a ɗauka gudu da run sun yi daidai ko'ina, mu ma muna da wuraren da muka kai gudu da su ba su kai ba. In na ce na yi shiru ne gudun kada a yi rigima, babu run a nan, tsoro ne da kaucewa. Gudummawa ma daga gudu ta samo asali, rugawa a kai wa wani ɗauki, amma a Turance kalmar daban ce sam. Ɗan gudun hijira ma haka.

Bayan kamar sati biyu ina wajen aiki sai ga saƙonsa ya shigo ta wayar mamansa: "Kawu good afternoon, please my data has run." Na rubuta masa cewa in dai gudu ta yi ya bi ta ya kamo, in kuma ƙarewa ta yi ya ƙara min out a ƙarshe tukuna. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya turo "out" ita kaɗai, na tura masa ta naira 500.